Directory da Hausa: jaka, fihirisa, ko kundi?

1/
Salamu alaikum 'yan uwa masu koyar da kwamfuta da Hausa. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma ina so mu warware ta tare: directory. Ina koya wa wasu matasa Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, da yamma, kuma duk ranar da muka zo kan umarnin `ls` sai bakina ya riƙa yawo tsakanin "folda", "jaka" da "babban fayil". Duka ukun na gwada su, kuma duka ukun sun ɓatar mini da ɗalibai a wuri guda.

2/
Ga wanda bai saba ba: a taminal, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, idan ka rubuta `ls` sai ta jero maka sunayen abin da ke wurin da kake tsaye. Tsohon umarni ne, yana cikin Unix, tsarin da Linux ya kwaikwaya, tun fitowarsa ta farko a 1971, daga hannun su Ken Thompson da Dennis Ritchie a Bell Labs ta Amurka. Masu Windows kuwa `dir` suke rubutawa, haruffa ukun farko na kalmar da muke nema.

3/
Ga abin da ya faru a aji. Wata ɗaliba ta kwashe bidiyon bikin yayarta guda goma sha biyu daga waya zuwa kwamfuta, ta rubuta `ls -l`, mai jero sunaye tare da bayanansu har da girma, sai ta ga wannan:

```
drwxr-xr-x 2 daliba daliba    4096 Mar  3 17:15 biki
-rw-r--r-- 1 daliba daliba 2411520 Mar  3 17:20 darasi.pdf
```

Ta ɗora yatsa a kan 4096, fuskarta ta canza. "Malam, sun gudu. Sun fi giga biyu fa, kuma na riga na goge na waya." Na ce ta rubuta `ls biki`. Ga su nan reras, goma sha biyu. Na ce ta ƙara da `du -sh biki`, nauyinsu na gaskiya ya fito. Ta sauke ajiyar zuciya, sannan ta yi mini tambayar da ta haifi wannan zaren: "To Malam, in dai jaka ce, me ya sa ba ta yi nauyin abin da ke cikinta ba?"

Gaskiyarta. Jakar da aka zuba wa kaya dole ta yi nauyi. Yarinyar ta fahimci kalmar da na ba ta sarai, kalmar ce ba ta faɗi gaskiya ba.

4/
A Unix da Linux, directory ba ya ɗauke da fayil ko ɗaya a cikinsa. Shi kansa wani ɗan fayil ne, kuma abin da aka rubuta a ciki shi ne sunaye, kowane suna da lamba a gefensa. Lambar ce ke kai ka ga inda bayanin fayil ɗin yake, abin da suke kira inode. Rubuta `ls -i` ka ga lambobin da idonka. 4096 ɗin nan girman takardar sunayen ne kawai, domin a tsarin ajiya na ext4 yawanci wannan ne gurbin farko da ake yanka mata. Bidiyon suna can wani gefe na faifai.

Turawan ma da suka zaɓi kalmar, littafin lambobin tarho ne a ransu: suna, sai lamba.

5/
Folder kuwa daga baya ta yaɗu, lokacin da aka fara zana wa mutane tebur da takardu a kan allo, irin na Xerox Star a 1981 da Macintosh a 1984. Hoto ne na kwalin da ake saka takardu a ofis. Ba ni da rigima da "folda". Ta shiga bakin mutane, har mai tura waƙoƙi a kasuwa yana cewa "na buɗe maka folda". A bar ta ga hoton nan mai ruwan ɗorawa da ake dannawa. Wata malama daga Damagaram ta tuna mini cewa su ma can kalma biyu Faransanci ya ba su, dossier da répertoire, kuma dosiye ce ta fi yawo a baki. Larabci ma ya raba: mujallad da dalil. Na so a ce za mu iya aron ta biyun, amma "dalili" ya riga ya kama wani aiki a Hausa, ba zai saki ba.

6/
"Babban fayil" ba zan daɗe a kansa ba. Wanda ya ji zai ɗauka fayil ne mai nauyi. A misalin sama, "babban" 4096 ne, "ƙaramin" kuma ya haura miliyan biyu.

7/
"Rumbu", "taska" da "ma'aji" suna da daɗin ji, amma ciwonsu ɗaya da na jaka: duk mazubi ne. Ga kuma inda mazubi ke cutar da mai koyo fiye da batun nauyi. Dubi haruffa goman farko na kowane layi. Na farko yana faɗin irin abin: `d` directory ne, `-` fayil ne, `l` mahaɗi ne. Sauran taran kashi uku ne, uku-uku: na mai shi, na rukuninsa, na sauran jama'a. A kan fayil, `r` izinin karantawa ne, `w` na rubutawa, `x` na kunna shi a matsayin manhaja.

To a kan directory fa? `r` izinin ganin sunayen ne. `w` izinin ƙara suna, sauya shi ko soke shi. `x` izinin ratsawa ta cikinsa zuwa ga abin da sunan ke nunawa.

Abin da ya biyo baya shi ne ke girgiza ɗalibai. Za ka iya hana kowa rubutu a fayil ɗinka, ka bar shi `r--r--r--`, amma wanda ke da `w` da `x` a kan directory ɗin ya goge shi. Umarnin gogewa, `rm`, zai ɗan tambaye shi ko ya tabbata, ya danna `y`, shi ke nan. Mai tunanin jaka zai ce ai na kulle kayana. Mai tunanin takardar sunaye kuwa nan take zai gane: ba a taɓa fayil ɗin ba, sunansa aka soke, kuma ikon soke suna yana hannun mai riƙe da takardar.

8/
Wannan ya sa na fara karkata ga "rajista". Ku tuna rajistar aji: suna da lamba, kuma malamin da ke riƙe da ita yana iya ja wa sunan yaro layi ba tare da ya taɓa yaron ba. Misalin ya zauna daram, har yanzu da shi nake bayani. Sai dai kalmar ta yi kaya da yawa. Muna "yin rajista" a kowane shafi da kowace jarrabawa, ga kuma Registry, ma'ajin saitunan Windows, da ba shi da wani suna da zai amsa sai wannan.

9/
Wani dattijo da ya yi karatun zaure ya kawo "fihirisa", kuma wallahi na ji daɗinta. Wanda ya taɓa buɗe ƙarshen littafin fiƙihu ya san ta: sunan babi, sai lambar shafi. Babin ba a cikin fihirisa yake ba, ita nuni kawai take yi. A ma'ana babu wadda ta kai ta dacewa.

Amma kalma ba ma'ana kaɗai ba ce, sai ta yarda da aikatau ɗin da za a riƙa jingina mata kullum. Ku gwada da bakinku: "shiga fihirisar biki", "koma fihirisar baya", "ƙirƙiri fihirisa a cikin fihirisa". Harshe yana tuntuɓe. Ba a shiga fihirisa, dubawa ake yi. Mu kuwa `cd`, umarnin shiga directory, muke rubutawa sau hamsin a zama ɗaya. Ga shi kuma masu rumbun bayanai za su buƙace ta don index, kuma sun fi mu cancanta da ita.

10/
Inda na tsaya: kundi, jam'i kundaye.

Kundin malam ganyayyakin takardu ne da ba a ɗinke ba, an tattara su wuri guda, ana ƙara wata a zare wata. Ta wannan fuskar yana da kamannin tarin da mai koyo ke gani. Ta ɗaya fuskar kuma kundi abin rubutu ne, wurin da ake shigar da suna. Muna cewa wane ya shiga kundin tarihi, kuma ba wanda ke zaton an naɗe mutumin an cusa. Sunansa ne ya shiga. Wannan shi ne ainihin abin da ke faruwa da fayil.

Aikatau kuma duk sun karɓe shi: shiga kundi, fita daga kundi, buɗe sabon kundi, jero kundi, soke suna daga kundi. Gaɓa biyu ne, ba ya gajiyar da baki.

11/
Na san sukar da za a yi, domin ni ma na yi wa kaina ita. A jami'a "kundi" ya zama aikin binciken kammala digiri, ga kundin tsarin mulki, wato dai takarda guda. Ba za a rikita shi da fayil ba? Amsata ita ce a Unix directory ɗin ma fayil ne, fayil na musamman. Saboda haka kalmar da ke da ƙafa ɗaya a "tari" ɗaya a "rubutacciyar takarda" ba ta yi ƙarya ba. Da na sake yi wa ɗalibar nan bayani da kundi, ita da kanta ta ƙarasa: "Ashe 4096 ɗin nauyin kundin ne, ba na bidiyon ba."

12/
In an karɓi wannan, sauran suna biyowa cikin sauƙi. Inda kake tsaye, kundin yanzu, shi ne `.`, na samansa kuma uwar kundi, `..`. Na cikin wani, ɗan kundi. Wanda ake sauke ka a ciki in ka shiga da sunanka, kundin gida. `/` kuwa tushe. Abin da `ls` ke fitarwa jeri ne, na `ls -l` dogon jeri. Sai a ce jero da lokaci don `-t`, jero da girma don `-S`, juya jerin don `-r`. `-h` shi ke mayar da 2411520 ya zama 2.3M yadda ido zai ɗauka.

13/
Akwai lambar da ɗalibai ke tsallakewa, wadda ke bin haruffan izini: 2 a layin biki, 1 a layin darasi. Adadin sunayen da abin ke amsawa ne. Fayil guda yana iya samun suna a kundi biyu ko uku, duk suna nuna lamba ɗaya, kamar mutumin da ake kira Muhammadu a makaranta, Ɗanjuma a gida. Soke ɗaya ba ya kashe shi, sai sunan ƙarshe ya tafi. Kundin biki yana da 2 ne saboda sunansa na cikin uwarsa, ga kuma `.` na cikin kansa. Wannan nau'in, hard link, ina kiransa suna na biyu.

Wanda ke farawa da `l` kuwa, mai ɗan kibiya `->` a dogon jeri, daban yake. Ba suna ba ne, kwatance ne: takarda ce da aka rubuta "bi ta nan, ka sha kwana, gida na uku". In an rushe gidan, kwatancen na nan, amma ba ya kai ka ko'ina. Ina ganin "kwatance" ta fi "mahaɗi" faɗin halinsa.

14/
Sai roƙo guda game da "ɓoyayyen fayil". Fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo, irin `.bashrc`, ba sa fitowa sai ka ce `ls -a`. Rob Pike, wanda ya yi aiki a Bell Labs, ya ba da labarin cewa abin ma kuskure ne ya haife shi: an so a tsallake `.` da `..` ne kawai, sai aka rubuta gwajin da ke tsallake duk sunan da ya fara da ɗigo, mutane kuma suka mayar da shi al'ada. Ba sirri a ciki, ba kulle. Na taɓa samun yaro ya adana kalmomin sirrinsa a irin wannan fayil, hankalinsa kwance, saboda an ce masa ɓoyayye ne. Mu ce fayil mai ɗigo, ya isa.

15/
Wadda ta rage mini ita ce inode. A nan ake rubuta girman fayil, mai shi, izininsa, lokutansa da inda bayanansa suke a faifai, komai da komai ban da sunansa. Daga nan `ls -l` ke ɗebo duk abin da yake nunawa in ka cire suna, kuma `stat` yana baje shi gaba ɗaya. A aji ina cewa "kati", saboda katin asibiti: da lamba ake nemo shi, kuma shi ke ɗauke da bayanin mutum. Sai dai katin asibiti yana da suna a goshinsa, inode kuwa ba shi da shi, kuma wannan rashin sunan shi ne abin da nake so ɗalibi ya riƙe. Masu aiki a ɗakin ajiyar takardu na kotu ko na ofishin filaye, da me kuke kiran takardar da lamba kaɗai ke kanta? Ranar Asabar za mu shiga darasin `ln`, umarnin yin suna na biyu da kwatance, ina so in je da kalmar a hannu.