Kwamfutata tana mutuwa da zarar wasa ya yi zafi

Assalamu alaikum. Sati biyu ke nan abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Kwamfutar wasa ce, da katin hoto (ɓangaren da ke fitar da hoto a allo) RTX 3060 da fawa fak (akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta) mai wat 500, na hannu, wanda na saya a kasuwa a nan Kaduna. In ina bincike a intanet ko kallo, lafiya lau take. Amma da na shiga wasa mai nauyi, minti goma ba ta cika, sai ta ɗauke ɗif kamar an zare soket, ba shuɗin allon da Windows ke nunawa in an samu matsala, ba komai. Ta sake tashi da kanta. Windows kuma Kernel-Power 41 kawai yake rubutawa, wato saƙon da ke nuna ta mutu ba zato ba tsammani.

Na busa ƙurar harmatan da ta cika fanka, zafin katin bai wuce digiri 72 ba. Na gwada RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta), ba matsala. Na sake direba, wato manhajar da ke sarrafa katin. Na zaci wutar unguwarmu ce a Kawo, sai na gwada da janareta da sitabilaiza, duk kanwar ja ce.

Akwai hanyar da zan tabbatar fawa fak ɗin ne ke gazawa kafin in kashe kuɗi a kan sabo?