Kwalkwalin kwaikwayo ya lotsa, ya zan miƙar da shi?

Mai_Sulke: Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka da shawara. Na sayi kwalkwali irin na shigar jarumai ɗin nan, da ya iso sai na ga gefe ɗaya ya lotsa ciki, in na sa sai ya dinga matse min kunnen hagu, ga ramin idon ya yi ƙanƙanta da ƙyar nake gani. In gasa shi ne ko in haƙura?

Tsohon_Hannu: Wslm. Kar ka kai mishi zafi tukuna sai ka san da me aka yi shi. Danna shi da yatsa, in ya lanƙwasa ya dawo to robar binil ce, ita ce mai sauƙin kai. In ka leƙa ciki ka ga zare-zare to faiba ne, shi kam ko ka kwana kana gasawa ba zai miƙe ba, sai dai a yanka a sake ɗinke shi da resin, wato ruwan gam ɗin da ake haɗa faiba da shi. In kuma na firintar 3D ne, ya danganta da irin robar: PLA tun wajen digiri 60 yake fara laushi, ABS kuwa sai ya haura 100.

Mai_Sulke: Yana lanƙwasawa malam, kamar bokitin roba mai taushi.

Tsohon_Hannu: To ka huta. Tsoma wajen a ruwan zafi minti biyu uku har ya saki jiki, ka tura shi yadda kake so, kana riƙe da shi haka ka zuba ruwan sanyi. Amma fa binil akwai taurin kai, rana na dukan shi zai koma gidan jiya, dan haka ka lanƙwasa siririn ƙarfe ka manna ta ciki ya tokare shi.

Uwar_Fenti: Ni handiraya na fi so gaskiya, dan ruwan ya taɓa ɗaga min sitika. Kawai kar ka tsayar da ita waje ɗaya. Maganar ido kuma ka zana da fensir tukuna, ka dinga ci kaɗan kaɗan da Dremel, ƙaramin injin hannu na yanka da gogewa, kana gwadawa a kanka, abin da ka yanke ya tafi kenan, ni garin zumuɗi sai da ido ɗaya ya fi ɗaya girma wlh har yau haushi nake ji. Kuma kar wani ya ce ka shafa bodi fila (abin cike lotsa na masu gyaran jikin mota) mai kauri, robar na motsi shi baya motsi, tsagewa zai yi. Fentin mai ma baya bushewa a kan binil, danƙo zai ta yi, nemi akirilik. In za ka goga sanfefa sa takunkumi.

Mai_Sulke: Na gode Anti, na gode malam. Ƙarfen da wane gam zan manna shi?

Tsohon_Hannu: Efoksi, amma ka kankare wajen da sanfefa mai kaushi tukuna, sannan ka rufe ƙarfen da soso kar ya ci maka kai.