Wa ya taɓa jin album ɗin Apollo na Brian Eno?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Dan Allah akwai mai jin irin kiɗan nan da ake ce wa ambiyent? Abokina ne ya turo min Apollo wai in saurara da daddare, na kunna sai na ji ba ganga ba baiti ba amshi, sauti ne kawai yake miƙewa a hankali ya ɓace ya sake dawowa, amma wallahi na kasa kashewa musamman kiɗan cikinsa mai suna An Ending (Ascent). Shin akwai yadda ake jin sa ne? Kuma me ya haɗa shi da zuwa duniyar wata?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Ai ka faɗa hannu mai kyau ɗan'uwa. A 1983 ya fito, Eno ɗan Ingila ne da ƙaninsa Roger da Daniel Lanois ɗan Kanada suka haɗa shi saboda wani fim da Al Reinert ya tsara da hotunan da 'yan sama jannatin NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, suka ɗauko a tafiye-tafiyen Apollo zuwa duniyar wata, For All Mankind, shi fim ɗin ma sai 1989 ya fito. Shi Eno abin da ya dame shi yadda talabijin ta nuna saukar mutum a duniyar wata a 1969, masu sharhi suka cika wurin da surutu har girman abin ya ɓace, to sai ya nemi ya yi sautin da zai sa ka ji faɗin wajen da shirunsa.

Shawarata kar ka ji shi da sifikar waya, rabin aikin a can ƙasa yake cikin sauti mai kauri kuma waya ba ta fitar da shi. Sa iyafis, kashe fitila, rage ƙara. A kiɗan cikinsa mai suna Matta za ka ji wani gurnani can nesa kamar dabba a cikin rijiya, har tsigar jiki tashi take.

Aunty Bilki:
Ni gaskiya rabin farko kawai nake so. Daga kiɗan Silver Morning jita ta shigo sai na ji an sauko da ni ƙasa ba shiri, ina sararin sama sai ga kiɗan makiyayan Amurka, haba.

Baban Ummi:
Aunty ai da gangan ne, wasu daga cikin 'yan sama jannatin kaset ɗin kiɗan kantiri suka tafi da shi, shi ya sa Lanois ya saka wannan jitar da ake kwantarwa ana goga mata ƙarfe. Ni nan ne ma yake taɓa ni, mutum ya yi nisan kilomita wajen 384,000 da gida amma kiɗan garinsu yake nema. Ki sake jin kiɗan Deep Blue Day da wannan a ranki.

Na Damagaram:
Ku da kuke ta tafiya Ingila, mu nan Nijar muna da Mamman Sani, tun 1978 ya ɗauki kaset da ogan ɗinsa na lantarki, kuma shekara da shekaru ana saka kiɗansa a rediyo da tele tsakanin shirye-shirye, da yawa sun san sautin ba su san mai shi ba. Kamfanin kiɗa na Sahel Sounds suka sake fitar da kaset ɗin a 2013. Nasa ya fi na Eno motsi don akwai ɗan bugu a ƙasa, kuma karin waƙoƙin gida ne yake juyawa. Ɗan Fagge in ka gama da Apollo ka nemi wannan album ɗin nasa, La Musique Electronique du Niger.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, yanzu nake nemo shi. Baban Ummi bayan wannan wanne zan bi, Music for Airports na Eno ko Phaedra na ƙungiyar makaɗan Jamus Tangerine Dream?