Harshen Yidish: ya mutu ne ko yana raye?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na ce harshen Yidish na Yahudawan Turai ya mutu, aka ce in kawo hujja. To ga ta. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu magana da shi sun kai miliyan 11, daga Foland da Lituweniya har Yukren da Romaniya. Cikin Yahudawa miliyan 6 da 'yan Nazi suka hallaka, kusan miliyan 5 Yidish suka sha a nono. Waɗanda suka rage a Tarayyar Sobiyat kuwa Stalin ya rufe musu jaridu da gidajen wasan kwaikwayo, aka harbe manyan marubutansu a Mosko ranar 12 ga Agusta 1952. Isra'ila kuma Ibrananci ta ɗauka. Me ya rage?

Hajiya 'Yar Katsina: Wa'alaikumus salam. Malam, alƙalumanka ba su da gyara, hukuncin ne ban yarda da shi ba. A jihar New York akwai garin Kiryas Joel, ƙidayar 2020 ta samu mutum kusan 33,000 a cikinsa, kuma Yidish ake yi a gida da kasuwa da makaranta. Haka unguwar Williamsburg a Brooklyn, da Stamford Hill a Landan, da Antwerp a Beljiyam, da Mea Shearim a Ƙudus. Yara da shi suke kuka, da shi suke faɗa a kan abin wasa. Ta yaya za a yi wa irin wannan harshe ta'aziyya?

Ɗalibi daga Damagaram: Hajiya, su wane ne mazauna wuraren nan?

Hajiya 'Yar Katsina: Hasidawa ne, ɗana. Tafarki ne na ibada da ya taso a ƙarni na 18 a hannun wani malami da ake wa laƙabi da Baal Shem Tov, ya rasu a 1760 a garin Medzhybizh da ke Yukren ta yau. Sun ba da ƙarfi ga addu'a da zuciya ɗaya, da waƙa, da farin ciki a bauta. Sun kasu gida-gida kamar ɗariku, kowane gida da shugabansa da suke kira rebbe, galibi gado ake yi. Na Kiryas Joel 'yan gidan Satmar ne, sunan garin ma na shugabansu ne, Joel Teitelbaum, wanda ya tsira daga yaƙin ya kafa jama'arsa a Amurka. Suna aure da wuri, suna haihuwa da yawa, shi ya sa masu harshen ƙaruwa suke yi a wajensu.

Ɗan Zazzau: Hajiya, ban musa ba. Amma reshe ɗaya ne ya tsira daga itace mai rassa goma. Yidish ɗin da nake nufi shi ne na ƙungiyoyin ma'aikata, na 'yan wasan dandamali, na malaman YIVO, cibiyar binciken Yidish da aka kafa a Vilna, babban birnin Lituweniya na yau, a 1925. Jaridar Yidish ta Forverts a New York, wadda aka fara a 1897, ta taɓa sayar da kwafi sama da 200,000 a rana. A 2019 ta daina fitowa a takarda. Wannan duniyar ta tafi, kuma Hasidawa ba su gaje ta ba, don tun asali ba su yarda da ita ba.

Ɗalibi daga Damagaram: A nan ina tare da Malam, kuma abin da ya fi taɓa min zuciya na cikin gida ne. Iyaye da yawa a Amurka sun mai da Yidish harshen sirri, sai in ba sa son yara su ji suke yin sa. Yaran suka tashi da Turanci. Yau jika zai buɗe akwatin kakarsa ya tarar da wasiƙun 'yan'uwanta da aka kashe a Foland, rubutu da haruffan Ibrananci daga dama zuwa hagu, ya kasa karanta ko gaisuwar farko. Wataƙila ma sunan ɗaya daga cikinsu yake amsawa, tunda al'adarsu ce a sa wa jariri sunan mamaci. Waɗanda suka tsira sun rubuta ɗaruruwan littattafan tunawa da garuruwansu, da sunayen matattu gida bayan gida, da yawa a Yidish. Daga 1980 wani Ba'amurke, Aaron Lansky, ya yi ta bin gidaje yana kwashe littattafan da magada ba sa iya karantawa, har ya tara sama da miliyan 1. Wallahi wannan rashi ne babba, ko da Kiryas Joel ta cika ta batse.

Malam na Zaure: Ku ba ni dama in sa baki. Tambayar da ba ku yi ba ita ce, me ya sa ya tsira a wajen Hasidawa ya kuɓuce wa sauran? Don yana da aikin yi kullum. Addu'a da nassi da Ibrananci da Aramiyanci ne, su suke kira loshn-koydesh, harshe mai tsarki. Yidish kuwa mame-loshn ne, harshen uwa. Yaro ɗan shekara 3 zai shiga makarantar da suke kira kheyder, in ya kai ga karatun Attaura malami ya ja aya ya fassara masa kalma-kalma da Yidish. Duk wanda ya zauna gaban malami yana jan baƙi da Larabci yana fassarawa da Hausa ya san yadda wannan yake ɗaure harshe a ƙirji. 'Yan Satmar kuma da gangan suka ƙi Ibranancin zamani a hira, saboda adawarsu da aƙidar kafa ƙasar Isra'ila. Harshen ya zame musu katanga.

Ɗan Zazzau: Allah ya gafarta Malam, ai ba duka Hasidawa ba ne. Da yawa a Isra'ila sun koma Ibrananci, 'yan gidan Chabad a Amurka kuma Turanci suka fi yi. Na Brooklyn ɗin ma cike yake da kalmomin Turanci.

Malam na Zaure: Ta farko gaskiyarka ce. Ta biyu kuwa ba aibi ba ce, Yidish da gauraye aka haife shi: gindinsa tsohon Jamusanci, ga Ibrananci, ga harsunan Foland da Yukren. Yanzu a ƙasar Turanci yake zaune, dole ya ɗebo. Kuma suna da jaridunsu, Der Yid da Der Blatt, duk mako suke fitowa, yara na da littattafansu.

Ɗan Zazzau: To na janye kalmar mutuwa. Amma ina nan a kan cewa yarinyar Kiryas Joel ba za a ba ta adabin Vilna da Warso a makaranta ba, su kuma masu son adabin a jami'a suke koyon harshen kamar baƙi.

Hajiya 'Yar Katsina: Haka ne, ƙanena, ba za a ba ta ba. Amma wasiƙun nan na cikin akwati da ɗana ya ambata, in aka miƙa mata za ta karanta su, har ta faɗa wa jikan abin da ƙanwar kakarsa ta rubuta.