Bayan tsoho ya faɗi, wa ke bin sawu?

'Yar wata dattijuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata mai shekara 74 ta faɗi sau uku cikin wata takwas. Na ukun ne ya karya mata wuyan hannu, da asuba tana kan hanyar banɗaki. A sashen gaggawa aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗaure hannun, aka sallame mu, ba wanda ya tambaye ta me ya kayar da ita. Likitan ƙashi ya ce mu koma wurin mai duba hawan jininta, shi kuma ya ce a fara duba ido, a wurin ido aka yanka mana rana mai nisa. Ban ce wani bai yi aikinsa ba, amma ni na zama mai kai saƙo tsakaninsu, alhali ban san me ya kamata in faɗa ba. Masu aikin lafiya da masu jinyar iyaye, don Allah yaya kuke yi?

Nas a sashen gaggawa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. 'Yar uwa, gaskiyarki ce. Mukan ɗaure karaya mu bar abin da ya kawo ta, saboda layi ya yi tsawo. Kuma abin ba ƙarami ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Ƙa'idojin duniya na kare tsofaffi daga faɗuwa da suka fito a 2022 sun kawo tambaya uku: ka faɗi cikin shekarar da ta wuce? Kana jin tangaɗi in ka tsaya ko kana tafiya? Kana fargabar faɗuwa? Mun rubuta su a bayan katin sallama. Wanda ya ji rauni, ko ya faɗi sau biyu a shekara, ko ya kasa tashi, ko ya suma, ba ya fita sai da takardar cikakken bincike. Inda har yau muke da saura shi ne, in ya fita ƙofa ba mu san ko ya je ba.

Mai harhaɗa magunguna:
An taɓa kawo min wani dattijo da ɗansa, na ce su juye duk abin da yake sha a kan teburi. Leda guda cur. Likitoci uku ne suka rubuta, ba wanda ya ga takardar ɗan uwansa. A ciki akwai diazepam na barci, da maganin hawan jini mai sa fitsari da yake sha da daddare. To mutum ya sha abin da zai tashe shi fitsari tsakar dare, ga magagin maganin barci, ga duhu. Ina zai kai? Ni ba ni da hurumin canza rubutun likita, kuma takardun babu lambar waya ko ɗaya. Kwana huɗu na yi kafin in samu ɗaya daga cikinsu. Malama, ki roƙa a auna hawan jinin Mama tana kwance, sannan bayan ta miƙe. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti 3, akwai magana. Amma kar ta daina shan komai da kanta.

Likitar gashin ƙashi:
Takardar da ke zuwa min yawanci layi ɗaya ce: a yi masa gashi. Ba tarihin faɗuwa, ba jerin magani. Sai in faro daga tushe. Nakan sa mutum ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna, ina riƙe da agogo. Wanda ya wuce daƙiƙa 15 sai in ƙara sa masa ido.

Abin da iyalai ba su sani ba, atisayen ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa yana aiki sosai. Tsarin da Jami'ar Otago ta New Zealand ta ƙirƙiro, wanda ake yi a gida, ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin 100 a gwaje-gwajensa. Sai dai ana son sau 3 a mako har aƙalla mako 12, mu kuwa sau nawa muke ganin mutum kafin ya ɓace? Da ina ta ƙorafin ba a ba ni bayani, sai wata rana na tambayi kaina ko ni na taɓa mayar wa wanda ya turo min amsa. Ban taɓa ba. Yanzu kowane majinyaci sai na rubuta layi huɗu: abin da na gani, abin da na fara, abin da nake zargi, ranar dawowa. Likita ɗaya ya kira ni ya yi godiya, kuma tun daga nan takardunsa suka canza.

Dattijo mai shekara 71:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, ni abin ya sama. Na faɗi a matakala, na fi awa guda a ƙasa ban iya tashi ba. Ban gaya wa kowa ba, don na san za a hana ni fita. Ni da kaina na daina fita, ƙafafun suka ƙara mutuwa. Ashe gilashin da ke haɗe da na karatu a ƙasansa ne ke ɓata min ganin matakala, sai da mai duba ido ya tambaye ni ko na taɓa faɗuwa sannan na buɗe baki. Roƙona ɗaya: in za ku tura mu wani wuri, ku kalle mu ku faɗa mana dalili. Sau da yawa ina zaune ake magana da ɗana a kaina.

Ma'aikaciyar lafiya mai ziyarar gidaje:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, maganarka ta shige ni. Mu ne ke ganin abin da asibiti ba ya gani: shimfiɗar da bakinta ya naɗe, ƙwan lantarkin da ya mutu, santsin banɗaki, takalmi mai faɗi. Amma ba mai sanar da mu an sallami wane. Na buɗe littafi: suna, inda aka tura, ko ya je. Bayan mako biyu nakan kira. A birnin Glasgow na Scotland tun 1999 suka ware ma'aikaci wanda aikinsa ke nan, bin duk mai shekara 50 zuwa sama da ya karye don a duba ƙarfin ƙashinsa kafin karaya ta biyu. Malama, karayar wuyan hannu a shekarun Mama dalili ne na neman wannan gwajin.

'Yar wata dattijuwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya mun koma da ledar magungunan gaba ɗaya. An auna ta kwance da tsaye, jinin ya sauka, likita ya rage ɗaya ya mayar da ɗaya safiya. Na sayi ƙaramin littafi, na ce duk wanda ya duba ta ya rubuta da lambarsa. Ya rubuta ba musu. Gwajin ƙashin ne ya ce sai likitan ƙashi, likitan ƙashin kuwa ya riga ya sallame mu. Nas, a irin wannan ta ina ake komawa?