Sunan da ke NIN ya saɓa da na rajistar WAEC, wanne za mu fara gyarawa kafin JAMB?

Assalamu alaikum. Ƙanwata tana SS3, tana son karatun aikin jinya a jami'a, kuma mun maƙale tun kafin a sayi fom.

A NIN sunanta ne da na mahaifinmu. Makarantarsu kuwa da za ta yi musu rajistar WAEC sai ta sa sunan kakanmu a matsayin sunan ƙarshe, shekarar haihuwa kuma aka rubuta 2008, alhali a NIN da takardar haihuwa 2007 ne. Mun tura NIN ɗinta zuwa 55019, lambar bayananta ta JAMB ta zo ɗauke da sunan da ke NIN, tunda daga can suke ɗauko shi. Ke nan takardar JAMB za ta fito da suna ɗaya, sakamakon WAEC da wani, kuma a wurin tantancewar jami'a ake kama irin wannan, bayan an gama kashe kuɗi.

Mun yi takardar rantsuwa a kotu. Makarantar ta ce ta riga ta miƙa sunaye, gyara sai bayan sakamako ya fito. Wani mai shagon kwamfuta ya ce mu canja NIN ya dace da WAEC, ni kuma hankalina bai kwanta ba, domin na NIN shi ne daidai, kuma shi zai bi ta har lokacin bautar ƙasa.

Shin mu yi rajistar JAMB da NIN yadda yake, mu nemi gyaran WAEC daga baya, jami'a za ta karɓi rantsuwar kotu a wurin tantancewa?