Na'urorin taimakon tuƙi a motar lantarki: waɗanda suka biya, ya kuka gani?

Mai Neman Shawara:
Salam 'yan'uwa. Ina dab da ɗaukar motar lantarki, dila ya ajiye min zaɓi biyu. Ta farko tana da birkin gaggawa mai kama kansa da gargaɗin fita daga layi. Ta biyu an ƙara mata tsarin da ke riƙe sitiyari a tsakiyar layi, ya bi motar gaba, ya sauya layi, har fakin ya yi. Ratar kuɗin ba kaɗan ba ce. Bayanin 'yan talla na sha shi na ƙoshi, wanda ya hau ya gani nake son ji.

Direban Doguwar Hanya:
Wa alaikumus salam. Ni na biya kuma ban yi da-na-sani ba, amma aikina ne ya ja. Rabin rayuwata a kan babban titi take. Ina saita gudu da tazarar da nake so, ita ta riƙe. A cunkoso ne ma na fi jin daɗinta: ta gaba ta tsaya, tawa ta tsaya, ta motsa, ta bi. A motar lantarki abin ya fi santsi, don ba giyar da za ta sauya, kuma yawancin rage gudun injin lantarkin ne ke yi, yana mayar da wuta cikin batir maimakon cin birki. Ciwon da ƙafar dama ke yi min da yamma ya tafi. Caji ma ya ƙara kai ni nisa, ba don wani siddabaru ba, na dai daina taka totur ba gaira ba dalili, kuma gudu mai yawa shi ke shanye batir.

Maman Biyu:
Malam, kai titinka mai kyau ne. Ni cikin gari nake yawo, inda fentin layi ya goge nan, ya bayyana can. Sitiyarin sai ya riƙa fizga yana neman layin da babu. Wata safiya muna shiga inuwar gada, hanya fetal ba kowa a gabana, motar ta danna birki da kanta. Jakunkunan yara suka zubo daga kujera, mai bina a baya saura ƙiris ya shige mu. Ga rana in ta yi ƙasa tana dukan gilashi, sai allo ya ce kyamara ba ta gani, karɓi tuƙinki. Na kashe riƙe layin gaba ɗaya. Abin da ba zan iya rabuwa da shi ba shi ne 'yar fitilar nan ta madubin gefe da ke kamawa in akwai mota a inda ido ba ya kaiwa, sai birkin ribas. Ya taɓa tsayar da ni cak, ashe yaro ne a kan keke ya gifta ta baya.

Injiniya:
Hajiya ta raba gardamar. Abu biyu ne ake cusawa a buhu ɗaya. Akwai na kariya, akwai na hutu. Binciken cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ya nuna birkin gaggawa na rage karon da mota ke yi wa ta gabanta da kusan rabi. Ita dai cibiyar, a 2024, ta ce ba ta ga hujjar cewa tsarin da ke riƙe sitiyari da gudu tare yana ƙara tsaro a kan wancan ba. Shi na kariyar kuma ya kama hanyar zama dole: a Tarayyar Turai tun Yulin 2024 ba a sayar da sabuwar mota sai da shi, Amurka ta sa 2029. To ka duba da kyau kada a sayar maka da abin da dama yana cikin ta farko.

Sannan duk sunan da aka raɗa wa na hutun, kusan duk abin da ke kasuwa mataki na 2 ne a ma'aunin tuƙa kai na ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE, mai hawa 0 (direba ke yin komai) zuwa 5 (mota ke tuƙa kanta gaba ɗaya). Ido a hanya, laifi a wuyanka. A Disambar 2023 sai da Tesla ta yi wa motoci kimanin miliyan biyu gyaran manhaja a Amurka, saboda hukuma ta ga tsarin taimakon tuƙinta, Autopilot, ba ya sa ido sosai a kan direban da hankalinsa ya tafi. Ni da nake amfani da irinsa, haɗarin da nake ji a jikina ke nan: in mota ta daɗe tana yin daidai, hannu sai ya fara neman waya.

Mai Gyaran Gilashi:
Ku bar ni in faɗi wanda dila ba ya faɗa. Kyamarar tana manne a bayan gilashin gaba, rada kuma galibi a bamba. Tsakuwa ta fasa gilashi, ba sauyawa kawai ba ne, sai an sake saita kyamarar da allon awo a fili mai daidai, wata ma sai an fita da ita titi. Ɗan gugar bamba da a da fenti ke rufewa, yanzu yakan taɓa sensa. Ka tambayi wa ke da kayan saitin kusa da kai, kuma inshorarka ta ɗauki nauyinsa ko a'a.

Direban Doguwar Hanya:
Gaskiya ne, Oga, na biya wannan kuɗin, ban ji daɗinsa ba. Mai tambaya, in kamfanin na ba da tsarin a biyan wata-wata, ɗauki wata ɗaya ka gwada a hanyar da kake bi kullum, har da dare da ruwan sama.

Mai Neman Shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tuƙina ya fi kama da na Hajiya, don haka ta farko zan ɗauka, in dai akwai fitilar madubin a ciki. Gobe zan tambaye shi ko kyamarorin babban tsarin suna jikinta dama, yadda in aiki ya mayar da ni babban titi zan iya kunnawa daga baya.